Dattawa na ja, Wakilai na ja, ƙudiri na kwance a tsakiya

Malamin Jega: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a aji wani ɗalibina ya yi mani tambayar da har na kwanta tana yi mani yawo a kai. Ya ce Malam, majalisar jiharmu a Birnin Kebbi zaure ɗaya ce, mutum 24, su zauna su yi doka gwamna ya sa hannu shi ke nan, to me ya sa a Abuja sai an yi biyu, Dattawa 109 Wakilai 360, kuma in ra'ayinsu ya saɓa wa ke ɗaukar asarar lokacin? Na ba shi amsar littafi, cewa sashe na 58 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ƙudiri ba ya zama doka sai zaurukan biyu sun amince da abu guda, kalma da kalma, kafin a kai wa shugaban ƙasa. Amma amsar ba ta ƙosar da yaron ba, ni ma ba ta ƙosar da ni ba. Abin da nake so mu tattauna shi ne, in aƙidar zaure ɗaya ta yi gabas ta ɗayan ta yi yamma, dokoki raguwa suke ko gyaruwa suke? Kuma mu nan Najeriya aƙida ce ma ke raba su ko wani abu daban?

Ɗan Argungu: Wa alaikumus salam Malam. Ni dai magana ɗaya gare ni, a rushe Dattawa. Nijar ga ta nan maƙwabta majalisa ɗaya sunka saba da ita, Gana majalisa ɗaya, Senegal ta soke tata ta dattawa a 2012, Muritaniya ta soke a 2017, ƙasashen nan ba su rushe ba. Mu kuma 2024 kaɗai an ware ma majalisar tarayya sama da naira biliyan 344, ni ina fadama ina lissafin kuɗin taki da fetur na injin ban ruwa. Mi anka tsinana muna da zaure biyu?

Anti Barista: Ɗan Argungu bari zancen kuɗin tukuna, za mu zo kansa, Malam kan saɓani ya yi tambaya. In Dattawa sun zartar da nasu Wakilai sun zartar da nasu kuma akwai bambanci ko na sashe ɗaya ne, sai kowane zaure ya fitar da mutanensa a kafa kwamitin daidaitawa, su fito da rahoto guda, a mayar kowane zaure ya amince. In ba a daidaita ba har wa'adin shekara 4 ya ƙare, ƙudirin ya mutu, sabuwar majalisa daga farko za ta soma. Ƙudirorin kuɗi, wato kasafi da haraji, su ne kawai aka yi wa hanyar fita a sashe na 59, in kwamitin kuɗi na haɗin gwiwa ya kasa sai a yi zama na haɗaka a ƙirga hannu, kuma kun ga a irin wannan zama 360 sun rinjayi 109. Sauran dokoki kuwa babu wannan ƙofar, zaure ɗaya na iya kashe ƙudiri ba tare da ya ce a'a ba, shiru kawai zai yi.

Tsohon Hadimi: Anti kin taɓo inda ke yi mani ƙaiƙayi. Shekara 4 na yi ina hadimin wani ɗan majalisar wakilai, ba zan kama suna ba. Muna da ƙudirin kafa cibiyar lafiya ta tarayya a mazaɓarmu, wlh mun sha wahalarsa, karatu na ɗaya, na biyu, jin ra'ayin jama'a da muka ɗauko mutane tun daga gida a motoci biyu, karatu na uku, aka tura Dattawa don su amince. Wata 14 ina zirga-zirga tsakanin ofisoshi, yau a ce an sa shi a jadawalin gobe, gobe a ce an ɗage, har majalisa ta tashi. Babu sanata ɗaya da ya miƙe ya ce yana adawa da asibiti. Ashe sanatan yankin ba ya so a ce ɗan wakilai ne ya kawo, don yana ganin yaron kujerarsa yake hari. To wace aƙida ce wannan? Kuma ba mu kaɗai ba, a Yulin 2025 ai Wakilai da kansu sun fusata a zaure sun jingine ƙudirorin Dattawa, suna cewa nasu sama da 100 na kwance can ba a taɓa ba.

Ɗan Yauri a Amurka: Salam iyayena da yayyena. Tambayar Malam ita ce ainihin abin da masana siyasa a nan suka daɗe suna ja-in-ja a kai. Wani farfesa David Mayhew ya ƙirga manyan dokoki daga 1946 zuwa 1990, ya ce ko jam'iyyar shugaban ƙasa daban ta majalisa daban, yawan manyan dokoki bai wani sauya ba. Sai Sarah Binder ta zo ta ce ƙirga abin da aka zartar kaɗai bai isa ba, a ƙirga har da matsalolin da ƙasa ke kuka da su aka kasa yi musu doka. Ta bi ra'ayoyin jaridar New York Times na shekaru masu yawa ta fitar da batutuwan da ke gaban kowace majalisa, ta duba nawa suka zama doka nawa suka maƙale. Abin da ta gano, tazarar ra'ayi tsakanin zaurukan biyu na daga cikin manyan abubuwan da ke kawo cijewa, wani lokaci ko da jam'iyya ɗaya ce ke riƙe da duka biyun.

Misali a 2011 zuwa 2013 Rifablikan na riƙe da Wakilai, Dimokurat na riƙe da Dattawa, dokokin da aka yi ba su kai 300 ba, alhali majalisar 1947 zuwa 1949 da shugaba Truman ya riƙa zagi yana cewa ba ta aikin komai ta yi sama da 900. A Yunin 2013 Dattawa suka zartar da gyaran dokar baƙin haure da ƙuri'a 68 da 32, har da 'yan Rifablikan a ciki, Wakilai ko kawo shi zaure ba su yi ba. Oktoban wannan shekara gwamnati ta rufe kwana 16 saboda an kasa daidaita kasafi, ma'aikata a gida ba albashi.

Maman Khalifa: Ƙanena tsaya, ka ce ko jam'iyya ɗaya ce? To in jam'iyya ɗaya ce me zai raba su kuma?

Ɗan Yauri a Amurka: Yaya, waɗanda suka zaɓe su ne daban. Ɗan Wakilai a nan shekara 2 yake yi, mazaɓarsa ƙarama, galibi mutanen ra'ayi ɗaya ne, kullum yana cikin kamfe. Sanata shekara 6, jiha sukutum, kuma kashi ɗaya cikin uku kawai ake zaɓa a lokaci guda. Ga kuma ƙa'idar Dattawa cewa yawancin ƙudirori sai an samu 60 cikin 100 kafin a rufe muhawara a yi ƙuri'a. A 2009 Dimokurat na da shugaban ƙasa, suna da zaurukan biyu, Wakilai suka zartar da dokar rage hayaƙin masana'antu da 219 da 212, ta je Dattawa ta mutu, saboda sanatocin jihohin da ke haƙar kwal ko da 'yan Dimokurat ne ba za su kashe kasuwar mutanensu ba. Haka a ƙarshen 2025, Rifablikan ke da komai, amma gwamnati ta rufe kwana 43 saboda ba su da 60 ɗin nan.

Baba Alhaji Gwandu: Salamu alaikum 'ya'yana. Na daɗe ina karanta ku. Wanga abu na zaure biyu ba baƙo ba ne gare mu, ku yara ba ku riske shi ba. Jihar Arewa zaure biyu gare ta Kaduna, Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna, kuma Sarkin Gwandu Haruna Rashid, Allah jiƙan shi, shi ya shugabanci ta Sarakuna har soja sunka zo 1966. Aƙida kuwa in kuna son ku gan ta tsirara ku dubi jamhuriya ta biyu. PRP ta Malam Aminu Kano kowa ya san mi take nufi, a soke haraji da jangali, talaka ya ɗaga kai. UPN ta Awolowo ilimi kyauta. NPN tamu ta nan Sakkwato, don sa'annan Kabi na cikin jihar Sakkwato, ita ma an san inda ta dosa. Kaduna Balarabe Musa na PRP ya ci gwamna, majalisa ta NPN ce, sunka ƙi amince mai da kwamishina ko ɗaya har sunka tsige shi Yunin 1981. Wannan ita ce aƙida in ta yi karo da aƙida, aiki tsayawa yake cik. Na gani da idona, ina ƙaramin ma'aikaci. Amma ko banza ka san abin da anka yi faɗa a kai. Na yanzu fa?

Malamin Jega: Allah ya ƙara girma Baba. Tambayarka ta ƙarshe ita ce tawa. Mu duba gida. Sanata Adamu Aliero da Sanata Yahaya Abdullahi sun bar APC a 2022, shi Yahaya Abdullahi har kujerar shugaban masu rinjaye ya ajiye, suka ci zaɓen 2023 a PDP tare da Garba Maidoki, a Mayun 2025 su ukun suka koma APC rana ɗaya. Ba zagi nake ba, haƙƙinsu ne kuma kowa na da dalilinsa, amma ina tambaya, ra'ayinsu kan haraji ko tallafin mai ko 'yan sandan jihohi ya sauya ne ranar da suka sauya sheƙa? Ban ga alama ba. Ga Zamfara, Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC kujeru suka koma PDP kusan gaba ɗaya, 2021 gwamna ya koma APC akasari suka bi shi. In jam'iyya riga ce da ake cirewa, ba za mu ɗauko ma'aunin Amurka mu auna tazarar zaurukanmu da shi ba.

Anti Barista: Kuma Malam ƙara da wannan, mu rana ɗaya ake zaɓen sanata da ɗan wakilai da shugaban ƙasa, wa'adinsu ɗaya, shi ya sa tun 1999 jam'iyya ɗaya ce ke fitowa da rinjaye a duka biyun, PDP har 2015, APC daga nan. Amma kar mu ce ba a taɓa samun tazara ba. Majalisa ta 7 fa? 2011 PDP ta tsayar da Mulikat Akande, 'yan majalisa suka haɗa kai da 'yan adawa suka zaɓi Aminu Waziri Tambuwal kakaki. Daga nan Wakilai suka zama kamar zauren adawa, Dattawa ƙarƙashin David Mark suna lallaɓa gwamnatin Jonathan. Janairun 2012 da aka cire tallafin mai Wakilai ne suka katse hutu suka zauna ranar Lahadi suka ce a mayar. Disambar 2013 'yan wakilai 37 suka koma APC, 2014 Tambuwal da kansa ya koma, har aka kulle ƙofar majalisa a Nuwamba mutane suna haura katanga. Me ya faru da dokoki? Ƙudirin man fetur Wakilai suka zartar a kwanakin ƙarshe na majalisar, farkon Yunin 2015, Dattawa ba su bi ba, ya mutu. Su kuma Dattawa a makon nan na ƙarshe suka kwashi ƙudirori 46 da Wakilai suka turo suka zartar cikin kamar minti 10. Ku gaya mani wanne ya fi muni, wanda aka bari ya mutu ko 46 da ba wanda ya karanta?

Ɗan Argungu: To kin gani Anti, kin ƙarfafa maganata. In za su zartar da 46 cikin minti 10 ina amfanin ido na biyun? In kuma za su riƙe abu shekara da shekaru ina amfanin? Ƙudirin man nan tun 2008 zamanin Marigayi 'Yar'aduwa anka kawo shi, sai Agustan 2021 Buhari ya sa hannu, shekara 13, yaron da anka haifa sa'annan ya shiga sakandare.

Baba Alhaji Gwandu: Ɗana ina kake 16 ga Mayu 2006? Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani sunka kashe tazarcen Obasanjo, ana nuna su kai tsaye a talabijin kowa na tashi yana faɗin matsayinai. Da zaure ɗaya ne, ƙofa ɗaya za a saye. Ƙofa biyu ta fi wuyar saye. Ban ce suna da tsarki ba, amma ranar nan sun yi muna rana.

Ɗan Argungu: Baba na yarda da wannan, Allah ya ba ka haƙuri. Amma rana ɗaya cikin shekara 25 fa.

Tsohon Hadimi: Ba rana ɗaya ba ce. Ka manta dokar haraji? Oktoban 2024 Tinubu ya turo ƙudirori huɗu, a ciki ana so kashi 60 na rabon VAT tsakanin jihohi ya bi inda aka samo harajin, gwamnonin Arewa suka ce ba su yarda ba. Dattawa a ƙarshen Nuwamba suka wuce da su karatu na biyu duk da ihun da Sanata Ndume ya yi, Wakilai kuwa dole aka ɗage muhawarar saboda 'yan Arewa sun tada ƙayar baya. Wannan jinkirin ne ya ba da damar a zauna da gwamnoni, aka dawo da kashi 50 raba daidai, 20 yawan jama'a, 30 inda aka yi amfani da kaya, VAT kuma ya tsaya a 7.5 ba a ƙara ba, aka sa hannu Yunin 2025. Jiha irin Kebbi da Zamfara da ba mu da hedikwatar banki ko kamfanin waya ko ɗaya, ka san abin da wannan ke nufi ga albashin malaman firamare. Ni da zaure biyu ya kashe mani asibiti, ni ne kuma nake gaya maka a nan zaure biyu ya cece mu.

Maman Khalifa: Ni fa duk wannan lissafin naku na maza ne. Ku bari in faɗi nawa. 1 ga Maris 2022 ana gyaran tsarin mulki, ƙudirorin mata guda biyar aka kawo, har da na ware wa mata kujeru da na ba mijin 'yar Najeriya baƙo damar zama ɗan ƙasa, duk aka watsar. Mata suka tare ƙofar majalisa kwana da kwanaki, Wakilai suka ji kunya bayan mako guda suka ce sun janye matsayinsu kan guda uku za su sake dubawa, Dattawa ko gezau. Ba ina cewa duk abin da ke ciki na yarda da shi ba, akwai wanda ni ma ina da tambaya a kai ta fuskar addini, amma kujerar mace a majalisa fa? Ina koyar da 'yan mata sama da 70 a aji ɗaya, rabinsu ba za su gama ba, wa zai tashi a zaure ya faɗi wannan da zafin da ni zan faɗa? A nan na ga bambancin zaurukan, ɗaya yana jin kunyar jama'a ɗaya ba ya ji.

Anti Barista: Maman Khalifa dalilin a fili yake. Ɗan wakilai yanzu daga shekara 25 zai iya tsayawa tun gyaran 2018, sanata sai 35. Dattawa cike take da tsofaffin gwamnoni da ministoci, mutanen da suka riga suka ƙoshi da mulki kuma suna da hannu a jam'iyya, shugabanta ma tsohon gwamna ne, wanda ya kara da shi a 2023 Abdul'aziz Yari shi ma tsohon gwamna, ƙuri'a 63 da 46. Ɗan wakilai kuwa ƙaramar hukuma biyu ko uku gare shi, ana sanin gidansu, ana tare shi a wurin jana'iza. To in akwai wata aƙida da ta raba su ita ce wannan, ɗaya na kallon gwamna da fadar shugaban ƙasa, ɗaya na kallon masu tare shi a hanya. Dubi dokar zaɓe, Yulin 2021 Dattawa suka ce INEC ba za ta tura sakamako ta intanet ba sai hukumar sadarwa ta NCC ta ce akwai sabis kuma majalisa ta amince, Wakilai suka bar wa INEC hannunta, sai Oktoba Dattawa suka sauko. Da Buhari ya ƙi sa hannu saboda 'yar tinƙe, Janairun 2022 Dattawa ne suka ƙara maslaha a hanyoyin fidda gwani, Wakilai da farko ba su sa ba, daga baya suka bi. Kowa ya san wa maslaha ke yi wa daɗi.

Malamin Jega: Na ɗan yi lissafi yanzu a takarda. Arewa maso Yamma muna da kujeru 92 cikin 360 a Wakilai, Kano 24, Kaduna 16, Katsina 15, Jigawa 11, Sakkwato 11, Kebbi 8, Zamfara 7, wato sama da kashi 25 cikin ɗari. A Dattawa 21 cikin 109, bai kai kashi 20 ba. Bayelsa mai wakilai 5 sanatocinta uku, Kano mai 24 sanatocinta uku. Ke nan muryar yankinmu ta fi kauri a Wakilai, watakila shi ya sa dokar haraji ta fi cijewa can.

Ɗan Yauri a Amurka: Malam lissafin daidai ne amma bai bayyana komai da komai ba. Dokar man fetur ta 2021 ai Wakilai ne suka ba al'ummomin da ake haƙo mai kashi 5, Dattawa suka ce 3, kwamitin daidaitawa ya ɗauki 3, 'yan Neja Delta suka yi ta hayaniya. In ƙirgen kujeru ne kawai da akasin haka za a gani. Gwamnati 2.5 ta kawo tun farko, Dattawa suka tsaya kusa da gwamnati. Wannan ya fi dacewa da bayanin Anti.

Sannan wasu ƙasashen sun yi wa cijewar nan magani ba tare da rushe zaure ba, Ɗan Argungu ka ji wannan. Ingila a 1909 majalisar masu sarauta ta yi watsi da kasafin ministan kuɗi Lloyd George saboda ya ɗora wa masu filaye haraji, aka yi zaɓe har biyu a 1910, 1911 aka yi dokar da ta ce ƙudirin kuɗi wata ɗaya kawai za su iya riƙewa, sauran kuma tun gyaran 1949 kamar shekara ɗaya. A Faransa in an yi ta kai da komo ba a daidaita ba gwamnati na iya ba majalisar wakilai kalmar ƙarshe. Inda ba a yi irin wannan ba kuwa, Ostireliya a 1975 Dattawa suka riƙe kuɗin gwamnati har Gwamna Janar ya kori firaminista Whitlam. Mu namu irin na Amurka muka kwafo a 1979, zaure biyu masu ƙarfi ɗaya, ba wa'adin da ya tilasta wa ɗaya ya amsa wa ɗaya.

Ɗan Argungu: To ko wannan a yi muna. A ce in zaure ɗaya ya turo ƙudiri, ɗayan na da wata 6, ko ya amince ko ya ƙi a fili da sunan kowa. Ba wai a sa shi a durowa ba. Ni abin da ke ci mani rai ke nan, Nuwamban 2024 Lakurawa sunka shiga Mera nan ƙasar Augie, mutanen gari da kansu sunka fita da abin da ke hannunsu, anka kashe muna mutane. Yaran makarantar Birnin Yawuri 2021 wasu sun fi shekara a daji. Maganar 'yan sandan jihohi tun 2018 nake jin ta a rediyo, an kawo ƙudiri, an kafa kwamiti, an yi taro. Ko a yi ko a ce ba za a yi ba mu san inda dare ya yi muna. Amma dokar sauya taken ƙasa fa? Mayun 2024 cikin mako guda zaurukan biyu sunka gama, 29 ga wata an sa hannu. Ashe suna iya sauri.

Anti Barista: Na ji zafinka wlh, kuma da gaskiyarka. Sai dai 'yan sandan jihohi gyaran tsarin mulki ne, sai kashi biyu cikin uku na kowane zaure sannan majalisun jihohi 24 cikin 36, ya fi taken ƙasa nauyi nesa ba kusa ba. Kuma a nan akwai saɓanin ra'ayi na gaske, wasu na tsoron gwamna ya samu 'yan sanda ya juya su kan 'yan adawa, wasu na cewa jihar da ke fama da albashi da me za ta riƙe su. Amma misalinka na taken ƙasa ya nuna abin da nake tsoro, saurin namu ba daga haɗuwar aƙida yake zuwa ba, daga fadar shugaban ƙasa yake zuwa. Abin da fadar ke so zaurukan biyu layi ɗaya suke, dokar ta-ɓaci a Ribas Maris 2025 rana ɗaya duka biyun suka amince, da murya kawai, alhali tsarin mulki kashi biyu cikin uku ya ce. Ta yaya kunne ke ƙirga kashi biyu cikin uku?

Ɗan Yauri a Amurka: Anti wannan ne ya sa na kasa yin binciken da na so yi kan majalisarmu. A nan duk muhimmiyar ƙuri'a da sunan kowa ake rubutawa, ka shiga intanet ka ga yadda sanatanka ya yi tun ranar da ya shiga, da wannan ake auna wa ke dama wa ke hagu da tazarar da ke tsakanin zaurukan. Mu kuwa masu goyon baya su ce e, marasa goyo su ce a'a, a buga guduma. Sau ƙalilan ake tashi ɗaya bayan ɗaya, kamar 15 ga Yulin 2021 kan tura sakamako, 52 da 28, wasu 28 ba su nan, kuma ku tuna yadda sunayen suka yi ta yawo a WhatsApp mutane na kiran sanatocinsu. Ko muna da aƙida ko ba mu da ita ba za a iya tabbatarwa ba tunda ba a rubuta wa ya ce me.

Malamin Jega: To na samu aikin da zan ba 'yan aji ranar Litinin. Su rabu rukuni takwas, kowane rukuni ya ɗauki ɗan wakilai ɗaya na Kebbi, su nemo matsayinsa kan dokar haraji da kan 'yan sandan jihohi, wasu uku su ɗauki sanatoci, mu jera mu gani ko zaurukan sun bambanta a kan mutanenmu.

Tsohon Hadimi: Malam a takardun zaman majalisa ba za su samu ba sai in mutum ya tashi ya yi magana a ranar, ƙuri'ar murya ba ta da suna. Su duba hirarrakin rediyo da shafukansu na Facebook, sannan su rubuta wasiƙa zuwa ofishin mazaɓa, su riƙe kwafi mai hatimi da kwanan wata. In an yi mako biyu ba amsa su sake kai wata.

Maman Khalifa: A sa tambayar kujerun mata a ciki don Allah Malam, kuma a sa 'yan mata a kowane rukuni su ne za su miƙa wasiƙar.

Baba Alhaji Gwandu: Wanda ke wakiltar mu yana zuwa gida duk sallah, masallacinmu yake Idi. In yaran sun rubuta tasu ku turo mani kwafi ta hannun jikana, ni zan ba shi hannu da hannu bayan an sauko, gaban liman.